Na faɗi jarrabawar CFA. Sai kuma in faɗa a CV?

1/ Jama'a, yau zan tona wa kaina asiri. Na zauna jarrabawar CFA mataki na farko, na faɗi. Sati uku da suka wuce ina gyara CV don neman gurbin koyon aiki a wani kamfanin zuba jari, sai na tsaya cak a kan layi ɗaya: in rubuta ko in yi shiru? Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Kada in ja muku rai. Ban rubuta ba, kuma a ganina bai kamata a rubuta ba. Amma akwai abin da ya fi rubutawar muni nesa ba kusa ba, kuma shi ne da yawanmu ke yi ba tare da mun ɗauke shi laifi ba. Saboda shi na buɗe wannan zaren.

3/ Ga waɗanda ba 'yan harkar kuɗi ba: CFA shaidar ƙwarewa ce a fannin nazarin zuba jari. Cibiyar CFA Institute da ke jihar Virginia a Amurka ke bayar da ita. Mataki uku ne. Ko ka cinye ukun ba ka isa sa haruffan bayan sunanka ba sai ka haɗa da awa 4,000 na aiki a fannin, cikin aƙalla wata 36.

4/ Matakin farko tambaya 180 ce a kwamfuta, zama biyu, kowane awa 2 da minti 15. Ka lissafa, daƙiƙa 90 ke nan ga kowace tambaya. Zaɓi uku ne kacal, A, B, C. Da na fara jin haka sai na ce ashe ma JAMB ta fi ta wuya tunda can huɗu ne. Allah Ya yafe min wannan maganar 😭

5/ Ɗalibin jami'a na iya yin rajista idan bai fi wata 23 ya rage masa ya gama ba. Ta nan na shiga. Na nemi tallafin rage kuɗi da cibiyar ke bayarwa, na samu, amma sauran da ya rage da dala ake biya. Yayana ne ya biya. Da aka canza shi zuwa naira ya haura kuɗin makarantata na shekara.

6/ Ban da fasfo na fita waje, don da shi ake shiga ɗakin jarrabawar. Ban da kalkuleta, don iri biyu kawai aka yarda da su, BA II Plus ko HP 12C. Ban da kuɗin mota zuwa Abuja da kwana biyu a ɗakin wani abokin Yaya. Duk daga aljihu ɗaya suka fito.

7/ Ana ba da shawarar a yi karatun awa 300. Ni a takarda na tsara 300 ɗin. A zahiri lakca, gwaji, firojet da rashin wuta suka cinye kusan rabi. Wata biyun ƙarshe na koma haddar amsoshin tambayoyin gwaji ina yaudarar kaina cewa na gane. Ba wanda ya zalunce ni. Shirina ne bai kai ba.

8/ Imel ɗin sakamako ya same ni a layin masu sayen awara bakin hostel. Na buɗe, na karanta, na mayar da wayar aljihu, na karɓi awarata har da cewa a ƙara yaji. Sai da na kai ɗaki ƙafata ta fara rawa.

9/ Abin da ya fi ci min rai, Umma ta riga ta gaya wa duk unguwa cewa ɗanta na "jarrabawar Amurka". Har yau in na je gida akwai wata maƙwabciyarmu da ke tambayata yaushe ne tafiyar. Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani 😅

10/ To, mu dawo kan CV. Mutum uku na tambaya, na samu amsa uku.

Yaya ya ce: "Ka rubuta mana. Ɗalibi nawa ne a ajinku ya taɓa ko gwadawa? Su ga kana da himma."

Na san rabin maganar tasa ta kuɗin da ya kashe ce. Yana so a ce ko layi ɗaya sun haifar. Ban ga laifinsa ba.

11/ Abokina na ɗaki ya ce: "Kai ma dai ka cika tsoro. Ka rubuta CFA Level I kawai, ka sa shekara a gefe. Kada ka ce ka ci, kada ka ce ka faɗi. Ai ba ƙarya ka yi ba, ka zauna ko ba ka zauna ba?"

Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

12/ Na uku wani malaminmu ne da ya yi shekaru a banki kafin ya dawo koyarwa. Na ce, Malam, don Allah ga abin da ya dame ni. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce: "Wannan fa ba takardar tuba ba ce. Me ka iya? Shi za ka sa." Ya miƙo min, ya ci gaba da makin takardunsa.

13/ Na fi sati ina juya maganar Yaya, don tana da nauyi. Gaskiya ne na karanta abubuwan da ba a koya mana a aji ba. Gaskiya ne jarrabawar na kayar da mutane sosai. A shekaru da dama, wajen mutum 4 cikin 10 ne ke cin matakin farko. A watan Mayun 2021 kashi 25 cikin 100 suka ci, a Yuli kashi 22.

14/ Wato wanda ya faɗi yana cikin masu rinjaye. Ba abin kunya ba ne. Amma tambayar da ke gabana daban ce: shin wannan layin zai taimake ni a idon wanda ke tace takardun?

15/ Ka sa kanka a kujerarsa. Gurbi biyar, takardu ɗaruruwa, ga oga na jira. Ba karantawa yake ba, dalilin ajiyewa gefe yake nema don tulin ya ragu. Sai ga ka ka kawo masa dalilin da hannunka, har ka ja masa layi a ƙasa.

16/ Kuma a CV ba ka nan balle ka kare kanka. Takarda ba ta da bakin da za ta ce "lokacin ina aji uku ne, ga firojet, ga rashin wuta". Abin da zai gani shi ne ka gwada, ba ka ci ba. Sauran labarin shi zai cike da kansa, kuma ba lallai ya cike maka da alheri ba.

17/ Himmar da Yaya ke so a gani ma, biyan kuɗin rajista ba ya nuna ta. Duk mai kuɗi da fasfo zai iya yin rajista, ya je ya yi cinke awa huɗu da rabi ya fito. Daga waje, da shi da wanda ya kwana yana karatu ya faɗi da ƙiris, layi ɗaya za su rubuta.

18/ Af, maganar "saura ƙiris". Takardar sakamakon tana nuna maka inda ka tsaya da inda layin ci yake, da yadda ka yi a kowane darasi. Duk wanda na sani da ya faɗi, wai saura ƙiris. Har ni. Ban taɓa jin wanda ya ce nesa ya faɗo ba 😂 Shi ya sa kalmar ba ta da daraja a kasuwa.

19/ Akwai masu cewa duniya ta canza, yanzu ana alfahari da faɗuwa. Suna kawo misalin "CV na faɗuwa". Wata masaniyar kimiyya, Melanie Stefan, ta kawo shawarar a mujallar Nature a 2010. A 2016 Johannes Haushofer, malami a jami'ar Princeton, ya wallafa nasa: guraben da aka hana shi, tallafin da bai samu ba. Ya yaɗu ko'ina.

20/ Na karanta, ya burge ni, ya ma rage min zafi. Amma ku lura, yana kan kujerarsa a Princeton ya wallafa, don ya ƙarfafa wa na ƙasa gwiwa. Ba da ita ya nemi aikin ba. Ni da ko bautar ƙasa ban je ba, in na kwaikwayi wannan, rawar 'yan mata zan yi, gaba ɗaya baya biyu.

21/ Yanzu ga tambayar da ta fi hana ni barci, na san za ta zo a ƙasan zaren nan: ɓoyewa ba ha'inci ba ne? Mu da muka taso ana gaya mana in za ka sayar da rago mai aibi dole ka nuna aibin?

22/ Na yi tunaninta da gaske. Aibin da ya wajaba ka nuna shi ne wanda ya shafi abin da mai saye ke biyan kuɗi a kai. Tallan gurbin nan bai nemi CFA ba. Ɗalibin shekarar ƙarshe a fannin kuɗi ko tattalin arziki suka nema, mai iya Excel. Ban ce musu ina da abin da ba ni da shi ba.

23/ Kuma kowa ya san yadda CV take. Ba wanda ke sa JAMB ɗin da ya yi sau biyu, ko kariyobar da ya kwasa a aji ɗaya, ko kamfanoni bakwai da suka ƙi kiransa. Mai rubutawa ya san zaɓe yake, mai karantawa ya san an zaɓa. Inda ɓangare biyu suka san ƙa'idar, ba a rufe kowa ba.

24/ Inda ha'incin yake shi ne shawarar abokina. "CFA Level I", shekara a gefe, shiru. Kowace kalma gaskiya ce, amma an jera su ne don mai karatu ya fahimci abin da ba haka ba. In ba don a ɗauka ka ci ba, me ya hana ka ƙarasa jimlar?

25/ Na tambaye shi haka. Ya ce ai in sun ɗauka na ci, su suka ɗauka. Na ce to in sun ɗauka na faɗi fa, za ka so layin ya zauna? Ya yi dariya ya ce in bar shi ya ci indominsa.

26/ Abin dariyar, hukuncin wannan dabarar yana cikin jarrabawar da na faɗi. Darasin ɗa'ar aiki na ɗaukar kashi 15 zuwa 20 na makin matakin farko. A cikinsa akwai ƙa'ida ta VII(B), wadda aikinta ke nan: yadda aka yarda ka ambaci CFA da yadda ba a yarda ba.

27/ A taƙaice: babu rabin shaida. Ba ka sa "CFA Level I" bayan sunanka kamar muƙami. In ka ci mataki, kana iya cewa ka ci mataki kaza. Kalmar "candidate" kuwa ta wanda ke da rajistar zama mai zuwa ce, ko wanda ya zauna yana jiran sakamako. Ka faɗi, ba ka sake rajista ba? Ba taka ba ce.

28/ Ni ban sake rajista ba, don kuɗin bai haɗu ba tukuna. Ke nan ba ni da wata kalmar da zan sa ta gaskiya wadda kuma za ta taimake ni. Zaɓina biyu ne: in rubuta ƙarara na zauna ban ci ba, ko in bar wurin fili. Na bar shi fili.

29/ Ka duba kuma waɗanda za su karanta takardar. A kamfanin zuba jari, da wuya a rasa wanda ya bi ta wannan jarrabawar a teburin intabiyu. Ya haddace VII(B) kamar yadda na haddace. Yana ganin layin abokina zai gane wasan. Kifi na ganinka mai jar koma.

30/ Daga nan kuma maganar ta tashi daga "yaron nan bai ci jarrabawa ba" ta koma "yaron nan yana iya jera gaskiya ta ba da ƙarya". A aikin da za a damƙa maka kuɗin fanshon mutane da rahoton da za a yanke shawara da shi. Wa zai ɗauke ka?

31/ Mu 'yan Najeriya ma muna da namu salon na musamman: "in view". ICAN in view. ACCA in view. Masters in view. Na ga CV ɗin wani babban yaya a unguwarmu, ICAN ɗinsa na "in view" tun ina sakandare. Wallahi ko watan Ramadan ba a yi masa irin wannan duban 😭

32/ Ba na cewa duk mai rubuta ta maƙaryaci ne. Wanda ke da rajista, yana zaman jarrabawa, yana da ranar zama na gaba, ya faɗi gaskiya. Amma kalmar ta zama maɓoyar wanda ya faɗi ya daina, da wanda ya sayi fom kawai, da wanda niyya ce a ransa. Ta lalace har ta daina amfanar masu gaskiyar.

33/ In kana cikin masu gaskiyar, ka fita daga cikin taron. Sa matakin da kake, takardun da ka ci, da watan da za ka zauna na gaba. Abin da za a iya bincika a tabbatar. Ya fi "in view" sau goma.

34/ A nan 'yan ICAN da ACCA sun fi mu sa'a. ACCA takarda 13 ce, makin ci 50, kuma wadda ka ci ta zauna maka. In ka ci bakwai ka faɗi ta takwas, kana da bakwai na gaskiya da za ka rubuta. Ta takwas ba sai ka ambata ba, lissafin da kansa ya nuna da saura.

35/ Haka 'yan ATS, da yawa a ajinmu suna yi tun aji biyu. Kashi uku ce. Ka gama na ɗaya da na biyu, na uku ya kayar da kai? Rubuta biyun da ka gama, da shekarunsu. Kada dai ka rubuta ta yadda za a zaci ka kammala duka.

36/ CFA ce ba ta da wannan sassaucin. Darasi goma a zama ɗaya, ko ka haye gaba ɗaya ko ka dawo gaba ɗaya. Na yi kyau a ɗa'ar aiki da tattalin arziki, amma ba wanda zai ba ni satifiket ɗin wannan. Takardun lamuni da nazarin bayanan kuɗin kamfani suka kwashe min ƙafa.

37/ Wani zai ce duk wannan tsoro a kan layi ɗaya? Ƙaramar ƙawa ce, kowa na yi. To ku tambayi iyayenku labarin 1999. Salisu Buhari ya zama kakakin majalisar wakilai, ko wata biyu bai cika ba ya sauka, saboda digirin jami'ar Toronto da bai yi ba da kuma shekarun haihuwa. Har "Toronto" ta zama sunan takardar bogi a ƙasar nan.

38/ A 2012 shugaban kamfanin Yahoo, Scott Thompson, ya bar kujerarsa bayan 'yan watanni da hawa. Tarihin karatunsa ya ce yana da digiri a lissafin kuɗi da kimiyyar kwamfuta. Na lissafin kuɗin gaskiya ne. Na kwamfutar ne babu. Rabin layi.

39/ Na san nawa bai kai nasu ba, ni wa ya san ni. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda layi ke bin mutum. CV ɗin da ka tura yau tana shiga fayil. Gobe ka kwafe ta zuwa LinkedIn. Jibi a gabatar da kai a taro da ita. Ranar da za ka so gogewa, mutane da yawa sun riga sun gani.

40/ Amma fa shirun nan yana da iyaka, kada wani ya ɗauki zaren nan ya ce na ba shi lasisi. In fom ɗin neman aiki ya tambaya ƙarara, ka taɓa zama jarrabawar ƙwararru, mene ne sakamako, to an tambaye ka. Ka amsa yadda yake. Yawancin irin fom ɗin nan ma a ƙasa kana sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne.

41/ Haka in aikin da kansa ya ce sai wanda ya ci mataki kaza. Wannan shi ne aibin ragon da muka yi magana. Ko ka haƙura da gurbin, ko ka gaya musu matsayinka tun a wasiƙar neman aikin su yanke da kansu.

42/ Sai wanda ya gama bautar ƙasa ya zauna shekara guda a gida yana wannan karatun, ya faɗi. Shi nasa ya fi nawa wuya, don akwai ramin shekara a takardarsa da dole a tambaya. A nan ina ganin gara ya yi layi ɗaya gajere a wasiƙa ya ce ga abin da ya yi da shekarar. Ramin da ba bayani ya fi faɗuwar ban tsoro.

43/ Ni ɗalibi ne, ba ni da rami. Lokacin da na yi karatun yana cikin shekarun jami'a. Don haka kada wanda yanayinsa ya bambanta ya kwafi nawa ido rufe.

44/ To me na sa a wurin da na bari fili? Na koma kan tambayar Malam: me ka iya? Na ɗauko rahoton shekara na Dangote Cement da na BUA Cement, duk suna intanet kyauta tunda suna kasuwar hannun jari. Na zauna da Excel na kwatanta ribarsu, bashinsu da yadda kuɗi ke shiga da fita na shekara uku.

45/ Shafi huɗu ya fito. Ba wani abin a zo a gani ba ne, na tabbata ƙwararre zai samu kurakurai. Amma nawa ne, kuma duk dabarar da na yi amfani da ita daga littattafan jarrabawar nan na koya. Na sa shi a CV ƙarƙashin ayyukan da na yi, layi biyu.

46/ Na kai wa Yaya ya gani. Na ce, Yaya, ga inda kuɗinka suka shiga. Ya jujjuya shafukan, ya ce shi bai gane komai a ciki ba, amma tebur ɗin sun yi kyau. Bai sake tayar da maganar a rubuta ba. Bai kuma ce ya yarda da ni ba.

47/ Ranar Talatar da ta wuce suka kira ni intabiyu ta bidiyo. Mutum uku. Wata mata a cikinsu, da alama ita ce babba, ta tsaya a kan layi biyun nan. Ta ce wannan hanyar rarraba riba ba a cika koyar da ita a aji ba, ina na koya?

48/ Gabana ya faɗi. Ga ƙofa a buɗe in ce "a intanet" in wuce, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma wannan ai ita ce dabarar abokina da na gama zagi, ta dawo da wata riga.

49/ Na ce, ranki ya daɗe, a karatun CFA na koya. Na zauna matakin farko ban ci ba. Ban ba shi lokacin da yake buƙata ba, kuma na raina takardun lamuni. Ina tara kuɗin sake zama.

Na yi shiru. Jimla huɗu. Na riga na yi wa kaina alkawari ba zan kawo maganar wuta ko firojet ba.

50/ Ba ta ce sannu ba, ba ta ce madalla ba. Cewa ta yi, to tunda takardun lamuni ne suka kayar da kai, gaya min me ke faruwa da farashinsu in babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa, kuma wanne ya fi jin jiki, na shekara biyu ko na shekara goma?

51/ Wannan kam na sani, don bayan sakamakon na koma na karanta babin sau biyu saboda haushi. Farashi na sauka, kuma mai dogon wa'adi ya fi faɗuwa, don kuɗinsa sun fi daɗewa a ɗaure da tsohon ruwa. Ta gyaɗa kai. Na gefenta ya rubuta wani abu a takarda. Me ya rubuta, Allah masani.

52/ Abin da na lura da shi: maganar faɗuwar nan da a takarda za ta zama hukunci, a baki ta zama tambaya ta gaba. Ina wurin, ina da murya, an ba ni damar nuna abin da ya saura a kaina. Da na rubuta ta a CV, wataƙila da ban kai ga ganin fuskar matar nan ba.

53/ Wataƙila kuma da na kai. Ban isa in rantse ba. Akwai masu ɗaukar aiki da ganin an gwada zai burge su, Yaya bai yi ƙarya ba. Amma ban san wanda takardata za ta faɗa hannunsa ba, kuma ba zan yi caca da gurbi ɗaya da nake da shi a kan halin mutumin da ban taɓa gani ba.

54/ Masu shirin sake zama, ku sani ba a buɗe take ba iyaka. Sau biyu ne iyakar zama a shekara, da tazarar wata shida tsakani. Na ƙone ɗaya. Ranar da na biya rajista zan sa layin a CV da watan zaman, don a ranar ya zama gaskiya. Kafin nan, a'a.

55/ Abokina dai ya tura tasa CV ɗin wani wurin da "ICAN in view". Ya ce in na samu aikin nan in saya masa kaza, in ban samu ba zai zo ya karanta min zaren nan da ƙarfi a gaban 'yan ɗaki.

56/ Sun ce za mu ji daga gare su cikin sati biyu. Yau kwana shida. Duk imel ɗin da ya shigo sai cikina ya juya, jiya ma na banki ne suna taya ni murnar cire min naira hamsin.

Mai tsofaffin littattafan matakin farko da ya gama da su, don Allah ya taɓa ni ta inbox. Nawa na sayar ranar da sakamako ya fito, cikin fushi.